Idan Kano Ba Ta Yi Sama Ba, Gonakinmu Za Ta Ci

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kurna zuwa Dawanau, ko ya ratsa ta Jaba ya nufi Fanisau, ko ya kama hanyar Haɗeja zuwa Gezawa, abu guda zai riƙa gani dama da hagu. Gonar da aka girbe gero a cikinta bara, bana an kafa mata turaku an ja igiya, an jibge bulo a kusurwa, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma an kayar da ita an faskare. Birnin Kano yana girma, amma a kwance yake girma, kuma abin da yake lashewa kullum ita ce ƙasar noman da ta ciyar da shi tun kafin a gama ganuwa. Wannan ne ya sa nake ganin manomin Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa ya fi attajirin Kantin Kwari buƙatar a gina dogayen benaye a tsakiyar birni. Maganar za ta yi wa wasu banbaraƙwai, domin mun saba ɗaukar dogon bene a matsayin kayan alfaharin gwamna ko na mai kuɗi, abin da bai shafi mai fartanya ba. Ya shafe shi ta fuska biyu: gonarsa ce ke tafiya idan ba a gina benen ba, kuma tarihi ya nuna cewa idan an gina, da guminsa ake ginawa sannan a manta da sunansa wajen rabon mallaka.

Sai an san wace irin ƙasa ake magana a kai kafin a gane girman asarar. Karkarar da ta kewaye Kano ta daɗe tana ba masana mamaki. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarinta tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa yanki ne da ɗaruruwan mutane ke zaune a kowane murabba'in kilomita, suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba. Sirrin ba ɓoyayye ba ne ga mutanen wurin. Taki ne. Da rani jakuna kan shigo birni da itace da kara, su koma da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Akuya da tumaki suna ɗaure a gida da damina, ana yanko musu ciyawa, ana tara takinsu. Ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, harawar ta zama abincin dabba, dabbar ta mayar wa gona da abin da ta ci. Gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya kowanne yana da mai shi, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gonar. Ƙasa irin wannan hannun mutum ne ya gina ta, kaka da kakanni, kwando bayan kwando. Ana iya rushe gida a sake wani cikin wata shida, amma gonar da aka zuba wa kankare aka haƙa wa masai ta tafi ke nan. Magabatanmu sun san darajar wannan, shi ya sa da suka ja ganuwar Kano suka haɗa da filayen noma masu faɗi a cikinta, don ko an yi wa gari ƙawanya kada ya rasa abinci.

Yadda gonar ke suɓucewa ma abin dubawa ne, domin sau da yawa ba kwaɗayi ne ke sa manomi sayarwa ba, tsoro ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ba shi ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, da ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, wato amfanin gona da bishiyoyi da gini, ita ƙasar kanta ba a saya ba. Saboda haka da zarar manomi ya ji ƙishin-ƙishin cewa ma'aikatan safiyo sun leƙo ƙauyensu, lissafinsa mai sauƙi ne: gara ya kira dillali a yi awon igiya ya karɓi kuɗin fulotai da hannunsa, da ya jira a biya shi kuɗin kuka biyu da buhun dawa. Ga kuma rabon gado da ya riga ya tsattsaga gonakin har wata ba ta kai a kira ta gona ba. Unguwannin da ke fitowa daga awon igiya kowa ya san kamanninsu: lungu da mota ba ta shiga, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta, babu maƙabarta. Shi kuma wanda ya sayar, kuɗin kan tafi a aure da babur da gyaran ɗaki, wani lokaci da kujerar Makka, bayan shekara uku sai ka gan shi yana gadi ko lebura a ginin da ya hau kan gonar ubansa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, ƙaramar hukumar Ungogo kaɗai tana da sama da 360,000, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take yi. Mutanen nan dole su sami wurin kwana da wurin aiki. Ko dai a samar musu a sama, ko a ci gaba da yankar musu daga gona.

Dogon bene tun asalinsa maganin ƙarancin fili ne. A birnin Shikago na Amurka aka gama wanda ake ɗauka na farko a 1885, hawa goma, a kan ƙashin ƙarfe, a lokacin da filin tsakiyar gari ya yi tsadar da ba a iya shimfiɗa ofisoshi a kwance. Abu biyu suka sa ya yiwu, ƙarfen da ke ɗaukar nauyi maimakon kaurin bango, da na'urar hawa bene mai birki wadda Elisha Otis ya nuna wa jama'a a 1854. Lissafin bai canza ba har yau. Bene mai hawa goma da ya zauna a kan rubu'in hekta yana ba da ɗakunan da sai an cinye hekta biyu da rabi kafin a same su a ginin ƙasa, ba a ma sa tituna da katanga da wurin ajiye motoci da kowane ƙaramin gini zai nema ba. To a dubi tsakiyar Kano, daga titin Banki da titin Gidan Waya zuwa titin Murtala Muhammad da titin Bello, da tsofaffin filayen jirgin ƙasa, da manyan gidajen gwamnati na Nassarawa da ke zaune cikin fili mai faɗin gona. Wuraren da suka fi ko'ina titi da ruwa da layin wuta, mafi yawan gine-ginensu hawa ɗaya ne zuwa uku. Mun bar sararin samaniyar wurin da aka riga aka kashe wa kuɗi a banza, mun tafi muna sheƙe gonaki inda babu ko kwalbati. Misali mai kyau yana nan Ƙofar Nassarawa: da aka kafa jami'ar Northwest a 2012, a cikin Gidan Ado Bayero ta fara karatu, ɗalibai da malamai da ofisoshi duk a bene guda, ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba kafin a buɗe aji.

Mai ja da wannan magana zai ce ai ofisoshi ba su ne ke cin fili ba, gidajen kwana ne, don haka ko an gina bene ashirin na ofis, awon igiya ba zai tsaya ba. Akwai gaskiya a nan, kuma ban ce benen ofis shi kaɗai zai ceci gonakin Gezawa ba. Amma a lura da yadda gari ke tafiya. Gida yana bin wurin aiki ne. Duk inda gwamnati ta kai wata babbar ma'aikata ko makaranta ta zagaye ɗaruruwan kadada da katanga, titi zai bi ta, dillalai su bi titin, magina su bi dillalai. Wanda ya san hanyar Gwarzo kafin Jami'ar Bayero ta koma sabon mazauninta ya san yadda Rijiyar Zaki da kewayenta suka cika. Saboda haka shawarar inda za a ajiye ma'aikata dubu biyu shawara ce a kan makomar gonaki da yawa da ba a ambata a takardar kwangila ba. Ban da haka, birni ba ya koyon zama a bene sai ya ga benen da ke aiki. Injiniyoyi da birkiloli da masu ɗaurin rodi da masu gyaran na'urar hawa da za su ƙware a ginin ofis, su ne gobe za su yi gidajen haya masu hawa huɗu da biyar da lafiya. Game da masu cewa Bahaushe ba zai zauna a bene ba saboda sirrin iyali da tsakar gida, wannan damuwa ce ta gaskiya da ya kamata masu zane su warware, da matakala daban da baranda mai shamaki da taga da ba ta leƙa gidan maƙwabci. Alhazanmu suna ganin yadda iyalan Musulmi ke zaune a benaye a Jidda da Alƙahira ba tare da mutuncinsu ya zube ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta wuta da ruwa da tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Garin da ake kwana a wuni babu lantarki, garin da unguwanni da yawa suka dogara da 'yan garuwa, ta yaya zai riƙe bene mai hawa talatin? Na'urar hawa ta tsaya da mai ciki ko dattijo a hawa na goma sha biyar, famfo ya kasa kai ruwa banɗaki, gobara ta tashi inda tsanin 'yan kwana-kwana bai kai ba. Ba tatsuniya ba ce. Gidan NECOM na Legas mai hawa 32 ya yi gobara a 1983, Gidan Koko na Ibadan ya ƙone a watan Janairun 1985 ya kuma shafe shekaru kafin a gyara shi. A ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rufta ya kashe fiye da mutum arba'in, a nan Kano ma bene mai hawa uku ya faɗi a titin Beirut a watan Agustan 2022. Abin da waɗannan suka koya mana shi ne irin benen da bai kamata mu gina ba, da irin sa idon da bai kamata hukumar tsara birane ta KNUPDA ta yi sakaci da shi ba: gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashi, gwajin kankare da rodi a kowane hawa, da hana mai gini ƙara hawa a kan abin da aka amince masa. Kano ba ta buƙatar kwalbar gilashi irin ta Dubai, wadda rana za ta mayar tanda a watan Afrilu idan janareto ya tsaya, ga ƙurar hunturu da za ta dusashe ta kowace shekara. Abin da ya dace da mu bene ne mai hawa shida zuwa goma sha biyu, mai kaurin bango, tagoginsa a lotse cikin inuwa, doguwar fuskarsa tana kallon kudu da arewa don kauce wa ranar safe da ta yamma, iska tana ratsa shi, matakala biyu masu faɗi, tankin ruwa a ƙasa da sama, sola a rufi da za ta riƙe na'urar hawa da famfo ko da an ɗauke wuta. A garin Shibam na Yaman akwai gidajen laka masu hawa biyar zuwa sama da aka gina ɗaruruwan shekaru da suka wuce, a cure a kan tudu, gonaki da dabinai suna shimfiɗe a kwarin da ke kewaye da su. Mu ma da muka gaji soro da azara da bakan gizo, muka ga abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya, ba baƙi ba ne a sanin yadda ake sanyaya ɗaki ba da inji ba.

Sai dai ko an yi zane mai kyau an yi gini mai ƙwari, tambayar da ta fi damuna tana nan: na wane ne? Wasu daga cikin dogayen gine-ginen farko na ƙasar nan da kuɗin manoma aka yi su. Gidan Koko, mai hawa 26, da aka gama a 1965, an gina shi ne da rarar kuɗin koko da sauran amfanin gonar Yamma, har sunan da aka fara ba shi da Yarbanci ma'anarsa Gidan Manoma. A yau yana hannun kamfanin Odu'a na gwamnatocin jihohin yankin. A Arewa labarin gyaɗa ne da auduga. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 manoman Bichi da Ɗambatta da Gezawa suka duƙufa noman gyaɗa, dalar da aka riƙa ɗauka hoto ana alfahari da ita buhunansu ne. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa, wadda ta koma ta Jihar Arewa a 1954, ita ke yanke farashi, tana biyan manomi ƙasa da abin da ake sayarwa a kasuwar duniya, tana ajiye rarar da sunan za a tallafa masa ranar da farashi ya faɗi. Kaso mai yawa na rarar nan ya tafi ga ayyukan gwamnati da hukumar raya Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama kamfanin NNDC mai hedikwata a Gidan Ahmed Talib na Kaduna, mallakar jihohin Arewa 19. Bankin Arewa, da doguwar hedikwatarsa ta daɗe tana cikin alamomin birnin Kano, daga wannan zamani ya fito, gwamnatocin Arewa ne manyan masu hannun jarinsa, har zuwa 2006 da aka narkar da shi tare da wasu bankuna takwas aka samar da bankin Unity. Ban musa cewa an yi makarantu da asibitoci da masaƙu da kuɗin ba, kuma Sardauna da mutanensa sun yi abin a yaba. Amma da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta durƙusar da noman, babu manomin da aka kira aka ce ga ribar hannun jarinka. Babu takarda ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya faru a 2023 ya ƙara nuna haɗarin mallakar da ba a yi ta a fili ba. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da sabuwar gwamnatin Kano aka rushe gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Idi sun je Babbar Kotun Tarayya, ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kowane ɓangare mutum ya goyi baya, asarar ta jama'a ce: an kashe kuɗi an gina, an kashe an rushe, an kuma biya diyya daga baitulmali. Babu mai hankalin da zai zuba dukiyarsa a bene mai hawa goma, wanda sai ya shekara ashirin kafin ya mayar da jarinsa, idan takardarsa za ta mutu ranar da gwamnan da ya sa hannu ya sauka. Da tun farko an buga yarjejeniyar kowa ya gani, an yi gwanjon filin a bainar jama'a, majalisa ta amince, da wuya a sami wanda zai iya kai masa katafila.

Hanyar da nake ganin ta fi ita ce a warwatsa mallakar a hannun mutane da yawa, a kuma fara da waɗanda aka karɓi ƙasarsu. Idan gwamnati ta ba da filinta na tsakiyar gari don a gina bene, darajar filin ta zama hannun jari a rubuce, a ware wani kaso daga ciki ga manoman da aikin gwamnati ya raba da gonakinsu, su riƙa karɓar rabonsu daga kuɗin haya kowace shekara, 'ya'yansu su gada kamar yadda da za su gaji gonar. Diyyar da ake biya sau ɗaya tana ƙarewa kafin damina biyu, gona kuwa kowace kaka tana bayarwa, don haka abin da ya kamata ya maye gurbinta shi ne abin da shi ma yake bayarwa kowace shekara. Ragowar jarin a nemo shi ta sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ta tara naira biliyan 100 ta yi tituna, a yanka shi ƙanana yadda ƙungiyar manoma ko 'yan kasuwar Dawanau ko matan da ke adashe za su iya saya. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniyar Musulmi. A Malesiya an kafa asusun Tabung Haji a 1963 domin mutanen karkara su daina sayar da gona da dabba don zuwa aikin Hajji, su riƙa tarawa kaɗan-kaɗan, kuma da ajiyarsu aka gina hedikwatar asusun mai hawa 38 a Kuala Lumpur. Dogon ginin agogon da ke kallon Harami a Makka wakafi ne na Sarki Abdul'aziz, kuɗin shigarsa na hidimar masallatan biyu ne. Muna da Hukumar Zakka da Hubusi a Kano, muna da malamai da suka san fiƙihun wakafi ciki da bai. Na san za a ce dukiyar taro ita ce aka fi ci, kuma shi kansa Tabung Haji sai da gwamnati ta kai masa ɗauki a 2018 bayan an gano bashinsa ya zarce kadararsa. Amma an gano ɗin ne domin akwai miliyoyin masu ajiya da ke da haƙƙin tambaya, akwai kuma littafin da doka ta tilasta a buɗe. Manomin gyaɗa na 1960 bai da ko ɗaya daga cikin biyun.

Ko a wajen ginin kansa karkara ce ke biya. Yashin da tifa ke kwasowa daga rafuka da gonaki yana barin kududdufai da zaizaya a bayansa, masu bulo suna kankare ƙasar sama, samarin da ke ɗaukar kwanon kankare a ka suna hawa katako ba hular kwano ba igiya galibinsu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan Kunci da Tsanyawa da Makoɗa da makamantansu. Kwangilar kowane babban bene ya kamata ta faɗi inda za a ɗebo yashi da wanda zai cike ramin, ta tanadi inshorar lebura, ta kuma wajabta koya wa wasu adadi daga cikinsu sana'ar da za su riƙe bayan an kwance katako.

Duk wannan ba zai yi aiki ba muddin gona ta fi sararin sama arha. Mai kuɗi ba zai jure wahalar harsashi mai zurfi da na'urar hawa ba alhali zai iya sayen kadada goma a bayan Dawanau ya zagaye da katanga ya jira farashi. Saboda haka majalisar dokokin jiha ce za ta fara motsi: ta shata iyaka a taswira, ta ce daga nan zuwa can a Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa ƙasar noma ce, ba a ba da izinin yanka fuloti a cikinta, haka ma filayen ban-ruwa na Watari da Tomas da Jakara da aka kashe dukiyar jama'a aka yi wa madatsai. Ta ɗora haraji mai nauyi a kan kangon fili da aka killace aka bari a tsakiyar birni, ta sauƙaƙa izinin ƙara hawa ga wanda injiniya ya tabbatar da ƙarfin harsashinsa, ta kuma hana kowace ma'aikatar gwamnati neman sabon fili a karkara sai ta nuna cewa wanda take kai a cikin gari ba zai ɗauki bene ba. A zaman da za a shata wannan iyaka, dagatai da masu unguwanni da ƙungiyoyin manoman yankin su kasance a teburin tun ranar farko, da taswirar a gabansu, kafin ma'aikatan safiyo su kafa turke ko ɗaya.